Darasin Iyali: Kalmar "Oho" da 'Yan'uwanta

A cikin kalmomin da muke furtawa kowace rana, da wuya a sami wadda ta fi "oho" sauƙin fita daga baki. Haruffa uku ne kawai, gaɓa biyu, ba ta bukatar haƙori, ba ta wahalar da harshe. Sau da yawa ma baki ba ya ƙarasa ta, jiki ne yake ƙarasawa: a ɗaga kafaɗa, a taɓe baki, a watsa tafin hannu sama, shi ke nan an gama magana. Yaro ɗan shekara uku ya iya ta tun kafin ya iya ƙirga yatsunsa. A wannan darasi za mu zauna a kan wannan 'yar kalma da danginta, mu ga abin da take nufi, da wanda ya dace a faɗa wa ita, da kuma abin da take ɓoyewa. Za mu ɗauki misalanmu daga Gwada, a Ƙaramar Hukumar Shiroro ta Jihar Neja, a kan hanyar da ta tashi daga Minna ta nufi Kuta, amma abin da za a faɗa ya shafi kowane gida da ake jin Hausa.

Oho iri uku

Da farko sai mu raba abubuwan da rubutu ya haɗa. Akwai "oho" da ake ja da tsawo, wadda mutum yake yi sa'ad da ya gane abin da ya shige masa duhu: "Ohoo, ashe kai ne ɗan wane!" Wannan ba ita ce tamu ba a yau. Kunne yana bambanta su nan take, gama karin sautinsu ba ɗaya ba ne, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. Sai a littattafan masana ake sa alamunsa, kamar babban ƙamus na Hausa da G. P. Bargery ya wallafa a 1934. Saboda haka mai karatu a gaban jama'a ya lura da zancen da ya kewaye kalmar kafin ya furta ta, don kada ya mai da mamaki ya zama raini.

Ta biyu ita ce "oho" ta rashin sani. An tambaye ka, "Yaushe motar Kuta za ta cika?" ka ce, "Oho." Watau ba ka sani ba, ba kuwa hanyar da za ka sani.

Ta uku ita ce "oho" ta rashin damuwa. An ce maka, "Akuyar maƙwabcinka ta tsinke igiya," ka ce, "Oho." A nan ba rashin sani ba ne, gama yanzu aka sanar da kai. Abin da kake faɗa shi ne, ko ta tsinke ko ba ta tsinke ba, duk ɗaya ne a wurinka.

To, abin da ya sa kalmar ta cancanci darasi guda shi ne, ta biyu da ta uku sauti ɗaya suke da shi, kuma ba su cika rabuwa ba. Ko a amsar nan ta motar Kuta, akwai ɗan ƙanshin "kada ka dame ni." Gwada wannan da kanka: wanda ya ce "ban sani ba" yana iya ɗorawa da "bari in tambaya maka," zancen ya zauna daidai. Amma ka taɓa jin wanda ya ce, "Oho, bari in tambaya maka"? Ba ya daɗin ji, domin "ban sani ba" tana barin ƙofa a buɗe, "oho" kuwa rufe ta take yi. Mai faɗinta yana samun riba biyu: ya ƙi taimako, in kuma aka tuhume shi ya ce shi dai cewa ya yi bai sani ba.

Dangin kalmar

Idan aka sa mata "ko" a gaba, sai rashin sanin ya fita gaba ɗaya, rashin damuwar ya tsaya shi kaɗai: "Ruwa yana dukan hatsi a tsakar gida, shi kuwa ko oho." Idan aka ce "oho dai," an nuna an ji gargaɗi an kuma yar da shi. Idan aka ce "oho maka" ko "oho miki," an tura wa mutum kayansa ya ɗauka shi kaɗai.

A rubuce, da kuma a bakin masu karanta labarai a rediyo, an fi jin babbar yayarta, watau "halin ko-in-kula." Ginin wannan kalma abin dubawa ne. Guntaye uku ne aka ɗinke: "ko," da "in," da "kula." Wannan "in" ɗin shi ne na mai magana da kansa, kamar a "bari in tafi." Amma ko da wa ake zance, ba ya canzawa. Ba ma cewa "ya nuna halin ko-ya-kula," ko "sun nuna halin ko-su-kula." Kullum "ko-in-kula" ne. Kamar dai Hausa ta shiga zuciyar mutumin, ta kwaso maganar da yake yi wa kansa a ɓoye, ta rataya masa ita a wuya. Haka ma "ɗan ba-ruwana": da bakinsa aka yi masa suna.

Sauran dangin kowanne da irin nasa launi. Wanda ya yi biris da kai ya ji ka sarai, ya ƙi amsawa. Wanda ya yi kunnen uwar shegu ya yi kamar bai ji ba. Wanda ya yi shakulatin ɓangaro da magana ya ture ta gefe, sai wata rana. Riƙon sakainar kashi kuwa ya fi su zafi, domin ana faɗinsa a kan abin da aka damƙa wa mutum amana. Sakaina ɓallin ƙwarya ce, wadda aka kwashi ƙazanta da ita kuwa da bakin yatsu ake riƙe ta, ana nesa da ita daga jiki, ana neman inda za a jefar. Idan aka ce an yi wa maraya riƙon sakainar kashi, ba a ce an kore shi ba. Yana gidan, yana cin tuwo, amma ba wanda ya rungume shi.

Kada kuma a haɗa ko-in-kula da sakaci. Mai sakaci yakan damu, sai dai ya yi jinkiri ko mantuwa, in abin ya lalace ya ji zafi. Matar da ta bar miya ta ƙone tana hira ta yi sakaci. Wadda ta ji ƙaurin miyar facalarta ta ci gaba da tsifar kanta, ita ce ta nuna ko-in-kula. Ta farko gyaranta da sauƙi.

Wa ake ce wa oho?

A Gwada da ƙauyukan kewaye, yara da yawa Gbagyi ne harshen da suka sha a nono, Hausa kuwa a kasuwa, da tasha, da makaranta, da wurin sujada suke tsintar ta. Yaron da ya koyi Hausa ta wannan hanya yakan kama ma'anar kalma kafin ya kama nauyinta. Ya ji ɗan kamasho ya ce "oho," ya ga ana nufin "ban sani ba," sai ya kawo ta gida. Ran nan mahaifinsa ya tambaye shi, "Ina ƙanenka?" ya ce, "Oho." Yaron bai yi nufin rashin kunya ba, amma rashin kunya ya yi, kuma in a gaban baƙo Bahaushe ne, baƙon zai tafi da labarin gidan.

Ƙa'idar ita ce, "oho" tana tafiya tsakanin tsara da tsara, tana kuma iya gangarowa daga babba zuwa ƙarami, amma ba ta hawa sama. Ɗa ba ya ce wa uwa ko uba "oho." Ɗalibi ba ya ce wa malaminsa. Suruka ba ta ce wa uwar miji. Amsar da ta dace ita ce, "Ban sani ba, Baba," in kuwa yaron mai hankali ne ya ƙara da, "amma bari in duba." Tsakanin miji da mata kuwa, ko da yake ba a hana ba, kalma ce mai tara tsatsa. Mace ta ce, "Maigida, kuɗin makarantar yaran nan fa?" ya ce, "Oho." Da ya ce ba shi da shi a yanzu, da sun zauna sun yi shawara, ko a sayar da 'yar doya ko a nemi rance. Da "oho" ya sauke mata kayan mutum biyu a ka.

Iyaye kuma su sani, gangarowar da aka yarda musu ba kyauta ba ce. Yaron da ya zo da tambaya, ko da ta shirme ce, ya sha "oho" sau goma, a na goma sha ɗaya ba zai zo ba. Ranar da tambayar za ta zama mai nauyi, wajen wani zai kai ta.

Inda oho take da amfani

Ba za mu yi wa kalmar adalci ba in muka ce duk sharri ce. A kasuwar doya ta Gwada, inda ake ciniki ƙwarya-ƙwarya, watau ɗari-ɗari, rashin damuwa na gangan kayan aiki ne. Mai saye ya duba tulin doya kamar ba ta burge shi ba, ya taya, mai kaya ya ce albarka ya kau da kai kamar ba ya bukatar kuɗin, dillali yana tsakiya ya san dukansu wasa suke yi. Ba wanda aka cuta.

Akwai kuma "oho" da ke kāre mutunci. Matar da aka kawo wa gulmar wata a bakin rijiya, ta ce "oho, ba ruwana," ta ɗauki tulunta, ta kashe wuta ce tun tana ƙarama. Saurayin da abokai suke yi wa ba'a don ya ƙi bin su wurin shaye-shaye, in ya iya cewa "oho dai" ya wuce, ya sami garkuwa. Hausawa suna da kirarin irin wannan tauri: ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Hausa ma ba ta yabon kishiyar ko-in-kula in ta wuce gona da iri. Tana da sunaye marasa daɗi ga mai shiga abin da ba nasa ba: ɗan sa-ido, mai shisshigi, mai katsalandan.

Har a siyasar duniya an ari dangin kalmar. Ƙungiyar ƙasashen da suka ƙi bin ɓangaren Amurka ko na Tarayyar Sobiyat, wadda ta yi taronta na farko a Belgrade a 1961, da Hausa ana kiranta ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu. Sunan ya zauna a baki, ko da yake bai yi musu daidai ba sosai, gama ƙin ɗaukar ɓangare daban ne da ƙin damuwa. Mai sulhu ba ya goyon bayan kowa, amma ya fi kowa damuwa da rigimar.

Yaya za a rarrabe mai kyau da mummuna? A ganina tambaya ɗaya ta isa: in abin ya lalace, wa zai yi asara? In kai ne, kamar zagin da aka yi maka ko ribar da ka bari ta wuce, "oho" ɗinka haƙuri ne, wani lokaci ma jarumtaka. In wani ne zai yi asarar, to kana kyauta ne da abin da ba naka ba.

Rashin sani da ƙin sani

Masu karatun wannan mujalla sun san labarin Kayinu a Farawa sura 4. Abin lura ga darasinmu shi ne yadda amsarsa ta kasu biyu sa'ad da aka tambaye shi inda ɗan'uwansa yake. Da fari ya yi da'awar rashin sani, nan take kuma ya nuna cewa lura da ɗan'uwan ba aikinsa ba ne. Fuskokin "oho" biyu ke nan a jere, ta farko tana yi wa ta biyu rumfa.

Masana halayyar ɗan Adam sun auna wani gefe na wannan hali. A 1968 waɗansu masana biyu a Amurka, John Darley da Bibb Latané, suka sa ɗalibai a ɗakuna dabam-dabam suna magana ta na'ura, sai aka sa su ji muryar wani kamar farfaɗiya ta kama shi. A cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ne suke jinsa, kashi 85 cikin ɗari sun fita neman taimako tun muryar ba ta yanke ba. A cikin waɗanda suka ɗauka akwai waɗansu mutum huɗu da ke ji tare da su, kashi 31 kawai. Waɗanda suka zauna ba mugaye ba ne, da yawansu jikinsu har rawa yake yi. Kowa dai ya ce a ransa wani zai yi. Wani bincike da ya fito a 2019, wanda ya duba hotunan kyamarorin titi na faɗace-faɗace a Ingila, da Holan, da Afirka ta Kudu, ya sami cewa a tara cikin goma akan sami wanda ya shiga tsakani. Binciken biyu ba su ƙaryata juna ba. In taro ya yi yawa, nauyin da kowane mutum yake ji a kansa yana raguwa, amma yawanci akan sami mutum guda da bai yarda da "wani zai yi" ba, sauran su bi bayansa.

Mutanen Gwada ba sa bukatar a kai su Amurka kafin su gane wannan. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga suna kai hari a ƙauyukan Shiroro da Munya. A watan Afrilu na 2021 gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa a bainar jama'a cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. A watan Afrilu na 2024, da aka janye sojoji daga Allawa, mutanen garin suka kwashe 'yan komatsansu suka fita. A waɗannan shekaru Gwada, kamar Kuta da Erena, ta karɓi iyalai masu yawa da suka baro gonakinsu, waɗansu a azuzuwan makaranta, waɗansu a gidajen dangi. Dole a faɗi gaskiya, garin bai ce "oho" ba a ranar da suka iso. An buɗe ɗakuna, an raba doya da tufafi, Kirista da Musulmi.

Amma ko-in-kula ba ta cika zuwa a ranar farko ba. A hankali take shigowa, kuma a harshe ake fara jin sawunta. Makon farko ana cewa "Allah sarki, mutanen nan." Bayan shekara ana cewa "'yan gudun hijira," kamar sunan wata kabila ce. Bayan shekara uku sai ka ji "ai sun saba." Ba wanda yake sabawa da kwana goma sha biyu a ɗaki ɗaya. Mai kallo ne ya saba da gani. Manomin da dā yake kawo ƙwarya biyar kasuwa, yau yana dakon doyar wani, in ka tambayi maƙwabcinsa na shekara biyu daga wane ƙauye ya fito, sai ya ce "oho." Wannan "oho" rashin sani ne na gaskiya, amma rashin sanin da aka zaɓa, gama tambaya ɗaya ta isa ta kawar da shi.

Ban ce gajiya ba gaskiya ba ce. Gidan da ya ciyar da baƙi damina uku, hatsi ya yi tsada, nasa yaran ma suna bukata, yana da hakkin ya ce ƙarfinsa ya ƙare. Sai dai "ba zan iya ba" daban take da "ba ruwana." Ta farko tana aika mabukaci wurin wanda zai iya, tana ma iya raka shi. Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci, ido yakan yi ruwa, ido kuwa ba ya warkar da hanci, amma ba ya yin kamar ba a fuska ɗaya suke ba.

Ga wani abin da na lura da shi a yadda muke amfani da kalmar. A duk faɗin ƙasar Shiroro za ka ji ana kuka da halin ko-in-kula na manya da na mutanen birni: ga madatsar ruwa a kan Kogin Kaduna da aka buɗe a 1990, mai ƙarfin megawat 600, tana aika wuta zuwa nesa, su kuwa masu shan hasken ba su san sunan ƙauye ɗaya da aka ƙone a bayan madatsar ba. Kukan yana da tushe, ya kamata a ci gaba da yinsa har a ji. Amma kullum a kan wani muke ɗora kalmar: gwamnati ta nuna, shugabanni sun nuna, 'yan birni sun nuna. Da wuya ka ji mutum ya ce, "Na nuna halin ko-in-kula," alhali kuwa wakilin sunan da ke zaune a tsakiyar kalmar na mai magana ne.

Abin yi a gida

Ga aikin da iyali za su iya yi kafin fitowa ta gaba. A ɗauki mako guda, a sa yaro ɗaya da ya iya rubutu ya riƙe takarda, duk sa'ad da wani a gidan ya ce "oho," ko "ba ruwana," ko "ina ruwana," ya rubuta wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da abin da ake magana a kai. Baba da Mama ma suna cikin lissafi, kada a tsawata wa magatakarda in sunansu ya fito. Ranar da mako ya cika, bayan cin abincin dare, a karanta takardar, a raba abin da aka samu kashi uku: wanda rashin sani ne kawai, wanda kāre kai ne daga gulma ko tsokana, da wanda wani ne ya ɗauki asararsa. A na farko, a koya wa ƙanana su ce "ban sani ba" da sunan girmamawa a bayansa. Na biyu a bar shi yadda yake.

A na uku kuwa a tsaya a kan guda ɗaya kawai, a tambaya: wane ne mutumin, kuma mene ne ba mu sani ba game da shi wanda tambaya za ta iya nuna mana? In akwai iyalin da suka yi ƙaura zuwa unguwarku, yaranku sun san sunayen yaransu? Suna zuwa makaranta, ko suna talla a tasha a lokacin da naku suke aji? In ba wanda ya san amsar a gidan, a zaɓi wanda zai je ya gaishe su gobe da safe, a kuma faɗi sunansa a wurin, don kada kowa ya kwanta da zaton wani ne zai je.